Mudun Geron Inna

Geron ya zo ne a jakar wani mutumin garinmu da ya dawo daga ganin gida. Mudu guda ne, an ƙulle shi a yankin tsohon zane, an sake naɗe shi da leda. Tun kafin in kwance na gane zanen, na Inna ne, wanda take ɗaurawa in za ta shiga madafi. Matata ta ɗebi kaɗan a tafin hannu ta shinshina, ta ce na bana ne, nan take ta fara zancen kunun da za ta dama mana ranar Juma'a. Wanda ya kawo saƙon ya ce ta dakata tukuna, tsohuwa ta ce kada a taɓa ko ƙwaya sai na kira ta.

Na kira. Bayan ta gama tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, Inna ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. A shekarun da na yi a Landan ba ni da cikakkiyar takardar zama, ina hango ɗan sanda ina sauya hanya, ta yi bakance tsakaninta da Allah. In dai na samu zama lafiya a garin nan, za ta ba da sadakar mudun gero daga gonarta ga tsuntsayen garin da ya riƙe mata ɗa. Mutanen garin, in ji ta, ta ji labari ba sa bukatar geronta. Tsuntsu kuwa ko a ina yake talaka ne, ba gona, ba rumbu. Takarda ta fito tuntuni, ita kuma tana ta ɗaga abin daga wannan kaka zuwa waccan. Yanzu ƙafafunta sun kumbura, ganinta ya ragu, ba ta son ta kwanta da alkawari a wuyanta.

"Kada ka ba mutum," ta ce. "Kada ka ba abin da yake da mai shi. Kuma ka tsaya a wurin ka gani da idonka sun ci, sannan ka kira ni."

Na ce to, Inna. A raina na ɗauka aikin hantsi ɗaya ne.

Ni da tsuntsu mun daɗe da sanin juna, amma ba sanin alheri ba. Lokacin da sa'o'ina suke tafiya makaranta, ni ina kan rumfar kara a tsakiyar gonar gero, riƙe da majajjawa da igiya mai gwangwanaye, ina ihu tun fitowar rana don kada janbaki ya sauka. Su suka cinye mini boko. Shi ya sa yau, da furfura a gemuna, nake zuwa ajin manya da yamma bayan na tashi daga aikin shara, ina haɗa baƙi a hankali kamar ɗan aji ɗaya. Ga shi kuma an ce in je in roƙe su su ci.

Na fara da harabar gidan da muke haya a unguwar Tottenham. Na sauko da gero a aljihu, na zaɓi wuri kusa da bishiya, sai idona ya kai kan wani allo da na yi shekara da shekaru ina wucewa ta gabansa. A da allunan garin nan ado ne a wurina. Da na fara iya karatu sai na gano yawancinsu hani ne. Na tsaya na haɗa baƙin nan ɗaya bayan ɗaya, har na kai ƙarshe: council, wato hukumar unguwa, ta hana ba tsuntsu abinci a nan, wanda aka kama zai sha tara. Da geron nan ya zo kafin in shiga aji, da na watsa abina na hau sama. Amfanin farko da karatu ya yi mini ke nan a wannan sha'ani, ya mayar da ni gida da gero a aljihu.

Washegari na zaga bayan kasuwa, inda ake tara bola, inda babu allo. Tattabaru ne a wurin kamar an zuba. Ban taɓa ganin tsuntsu marar mutunci irin tattabarar Landan ba. Ba ta tashi in ka nufo ta, sai dai ta matsa gefe tana harararka, kamar kai ne ka shigo mata tsakar gida. Ɗaya na gani tana caccakar ƙashin soyayyar kaza, naman 'yar'uwarta, ko kunya babu. Na watsa cikin hannu guda. Suka taru suka share shi kafin in gyara tsayuwa, sannan suka koma kan soyayyen dankalin da wani ya zubar, ba wadda ta ko waiwayo ni.

Na kira Inna da murnata. Ta tambayi wane irin tsuntsu ne, na ce tattabaru. Ta tambaya na wane ne. Na ce ba na kowa ba ne. Ta ce ita ba yarinya ba ce, tun da aka haife ta ba ta taɓa jin tattabarar da ba ta da mai ita ba, kowace da ɗakin da take komawa. Na yi rantsuwa, na ce nan a ƙarƙashin gada suke kwana, ba mai yanka su, ba mai cin 'yan shilarsu. Ta ce garin da ake barin 'yan shila su girma a banza bai wanzu ba, kawai mai su ne ban sani ba, na ciyar wa wani attajiri dabbobinsa. Wannan cikin hannu bai shiga lissafi ba.

Sai na tafi bakin wani tafki a cikin lambun gwamnati, inda na saba ganin iyaye suna kai yara su jefa wa tsuntsayen ruwa abinci. Can ma wata dinya mai ƙiba kamar tunkiya ta taso mini da wuya a miƙe tana huci, ta cafki wandona tun ban buɗe ledar ba. Mai roƙo ke nan, ya zo da faɗa. Na zuba mata don ta sake ni, agwagi suka zo suka taya ta. Da na ba Inna labari ba ta bari na ƙarasa ba. Ta ce ta aike ni wurin tsuntsu na tafi wurin agwagwa, saura kaza. Matata tana gefe tana jin mu. Da na ajiye waya ta ɗaga ƙullin geron ta jijjiga shi, ta ce, "Malam, in haka za a ci gaba, gara mu dama abin nan mu sha, mu ma ai bayin Allah ne, kuma ba mu da gona." Na ce amma muna da mai mu, council. Ba ta yi dariya ba.

A ajinmu akwai wani abokina mutumin Kumasi, direban motar kai kaya, mu biyu ne masu jin Hausa a cikin ajin. Hausarsa irin ta zango ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Da na ba shi labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Mamanka ya ba ka aiki. Ka ce ma shi sun ci, shi ke nan. Zai zo Landan ya duba ne?" Na ce ba zai yiwu ba. Inna tana gane ƙaryata daga numfashina tun ina kan rumfar kara, kuma ko ita ba ta gane ba, wanda ta yi wa alkawarin yana gani. Ya ce to akwai wani wuri da yake wucewa in ya kai kaya, daji ne da aka killace, an kafa wa tsuntsaye wurin cin abinci na musamman, ba tattabara ba agwagwa. Ranar Lahadi zai kai ni.

Muka je. An gina wani ɗaki na katako mai duhu, da 'yar taga siririya a tsawon bango, da benci. Mutane suna jere a kan bencin, yawancinsu dattawa, kowa da madubin hangen nesa a ido, ba mai magana. Na yi sallama da muka shiga, wata tsohuwa ta juyo ta ɗora yatsa a leɓe. Ko a zaman makoki ana amsa gaisuwa. Ta tagar na leƙa, na ga an rataye wasu kwalabe da kwanduna na waya a jikin sanduna, cike da gyaɗa da iri-iri da wani dunƙulen kitse. Ƙananan tsuntsaye masu launi suna zuwa, su ɗauki ƙwaya ɗaya, su jefar, su ɗauki wata. Zaɓe suke yi. A ƙasa wani kurege yana kwashe abin da suka zubar, ya yi ƙiba har tafiya tana yi masa wuya. Wani ɗan tsuntsu da bai kai babban yatsana ba ya sauka, sai na ji bencin ya ɗauki numfashi gaba ɗaya. Irin wannan muna yara ko dutse ba ma ɓatawa a kansa, ba nama.

Na sami ma'aikacin wurin a waje, wani saurayi mai koriyar riga. Na nuna masa geron, na yi masa bayani da Turancina gwargwadon iko. Ya saurare ni da murmushi irin nasu, wanda ake yi wa mutum kafin a hana shi. Ya ce ba a yarda a kawo abinci daga waje ba, tsuntsayensu suna da tsarin abin da suke ci, kada cikinsu ya ɓaci. Tsuntsun daji, mai shan ruwan kwata, shi ne yake da tsarin abinci. Na ce wannan geron mutane ke ci, shi na ci na girma. Ya ce ya yarda, amma doka ce.

A hanyar fita muka tarar da wasu tsirya korra a kan bishiya, irin dai waɗanda suke yi mana ɓarna a gona, mutane suna miƙa musu hannu suna sauka. Nan babu mai koriyar riga. Na zuba gero a tafin hannu na miƙa, na tsaya har kafaɗata ta gaji. Ɗaya ta sauko, ta taka yatsuna, ta karkata kai ta dubi geron Inna, sannan ta tashi ta koma hannun wata yarinya mai riƙe da yankakken tuffa. Abokina ya ce, "Ka gani? Shi ma ya samu takarda, ya daina cin abincin gida."

A makon nan ne yayata ta kira ni a ɓoye. Ta ce jikin Inna ya ƙara nauyi, ba ta cin abin kirki, kuma ta daina tambayar kowa komai sai maganar gero. Duk wanda waya ta yi ƙara a hannunsa sai ta ce ko ni ne. Na duba ƙullin, ya koma wajen rabi, kuma ba ƙwaya ɗaya da ta shiga inda aka ce ta shiga. Daga ranar matata ta daina zancen kunu. Ita da kanta ta ɗauke ƙullin daga madafi ta sa a saman kabad.

Malamar ajinmu Baturiya ce, ta manyanta, ba ta da gaggawa. Ta lura hankalina ba ya kan allo, ta tambaye ni bayan an tashi. Na ce ina neman tsuntsu mai jin yunwa ne a Landan, wanda ba na kowa ba, na rasa. Ba ta yi dariya ba, na yaba mata da wannan. Ta ce a bayan gari akwai gidan da ake jinyar tsuntsayen daji da suka ji rauni, in sun warke a sake su. Ita ta buga musu waya ta yi mana booking, don can ma ba a zuwa haka kawai, sai an ba ka lokaci kamar ganin likita.

Abokina ya sake ɗaukata a motarsa. Gidan yana ƙarshen wata siririyar hanya, an kewaye shi da shinge. Matar da ta tarbe mu doguwa ce, da takalmin roba har gwiwa, hannunta duk tabon yakushi. Kafin mu shiga sai da muka taka wani ruwan magani. Ta ratsa da mu ta wani ɗaki mai ɗumi, ta ce mu yi ƙasa da murya, marasa lafiya suna hutawa. Marasa lafiyar su ne hankaka mai ɗaurin karaya a ƙafa, da bushiya a naɗe cikin tawul, da wata mujiya da aka sa wa labule don kada haske ya dame ta. Mujiya, wadda in ta sauka a kan katangarmu sai an tashi unguwa da jifa. Kowanne da kejinsa, da kwanonsa, da ma'aunin da ake auna nauyinsa kullum. Wata budurwa tana ɗura wa ɗan tsuntsu abinci da sirinji tana yi masa magana a hankali. Abokina ya raɗa mini cewa shi da ciwon bayansa har yanzu yana jiran a kira shi asibiti, da ya sani da fiffike ya zo.

Na kwance ƙullin a kan tebur. Matar ta ɗebi geron ta murza, ta ce ta san shi sarai, mai kyau ne ma. Sai ta buɗe wani ɗakin ajiya ta nuna mini buhu, da hoton tsuntsu a jiki. Gero ne. Ta ce a shagon kayan dabbobi suke saye, ba ta taɓa sanin mutane suna ci ba. Na tsaya ina kallon buhun. Abin da muka yi ta kashe kanmu a kai, abin da ya hana ni makaranta, a nan abincin tsuntsun keji ne. Amma ba wannan ya kawo ni ba.

Ta ce za ta karɓa da godiya, a juye a cikin buhun. Na ce a'a, sai na gani da idona. Ta ce ba a barin baƙi kusa da waɗanda ake shirin saki, kada su saba da mutum. Na zauna a kan wani benci na sake yi mata bayani tun daga farko, da takarda, da alkawari, da kumburin ƙafa. In kalma ta ɓace mini abokina ya cike. Na ce ba na sauri, in yau ba zai yiwu ba zan dawo, in ta ce in zauna a waje zan zauna. Ta dube ni ta dubi zanen Inna, sannan ta ce mu biyo ta, amma ba magana.

A can bayan gidan akwai wani dogon keji na waya da aka rufe gefensa da katako, an bar 'yar kafa ta leƙe. Na sa ido. Kurciya ce a kan reshe, ita kaɗai, 'yar siririya, da zane-zane a wuya. Matar ta ce an tsinto ta da fiffike a karye, yanzu ya haɗe. Ta ce irin wannan ba a nan take zama duk shekara ba, in sanyi ya matso sai ta ƙetare teku da hamada ta tafi Afirka ta yamma, in ya wuce ta dawo ta yi ƙwai. Abokina ya manta da dokar shiru. Ya ce, "Ɗan'uwanmu ne ashe. Ya shigo ba biza, an ba shi flat, an ba shi likita."

Matar ta zuba geron a wani faranti na ƙarfe ta tura ta ƙasa. Kurciya ta dube shi ta kau da kai. Na jira. Ta gyara gashinta, ta rufe ido ɗaya. Ƙafata ta yi sanyi, abokina ya koma mota. Daga baya matar ta ce ai an riga an ba ta abincin safe, a ƙoshe take. Har a gidan marasa lafiya ban sami mai jin yunwa ba. Sai dai ita da kanta ta ce in dawo gobe da sassafe, za ta hana a ba ta komai sai na iso. Wato a garin nan sai an nemi alfarma kafin tsuntsu ya ji yunwa.

Na nemi izini a wurin aiki, na hau jirgin ƙasa na farko, na ƙarasa da ƙafa. Matar ta cika alkawari. Ta tura farantin, muka ja baya. Kurciya ta yi jim, ta sauko ƙasa, ta zagaya farantin kamar mai neman aibu, sannan ta sa baki. Na ji ƙarar bakinta a kan ƙarfe, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na ciro waya na kira yayata, na ce ta kai wa Inna a kunne. Na kanga wayar a jikin kafar, na bar ta ta saurara.

Da na mayar da wayar kunnena Inna ta tambayi wane tsuntsu ne. Na ce kurciya. Ta tambaya ko tana da mai ita, na ce babu, jinya kawai take yi, za a sake ta. Don in ƙara mata daɗi sai na ce ai ma an ce daga wajenmu take zuwa, kuma can za ta koma. Ina rufe baki na gane na yi suɓutar baki, don tsuntsun garin nan aka ce, ba baƙo ba.

"Wato daga nan ta tashi," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ta bar gero a gona, ta ƙetare duniya, ta je ta karye, sai da aka bi ta da shi a jirgi sannan ta ci."

Na ce haka ne, Inna.

"Ku biyu ba mai wayo a cikinku. A ina ta yi jinya?"

Na ce a nan.

"To garin ya riƙe ta. Ka bar mata sauran. Na sauke."

Na ji tana ce wa yayata ta dama mata kunu, mai ɗan kauri. Na juye ragowar geron a kwanon da matar ta miƙo mini, na kakkaɓe zanen sosai a kan kwanon don kada ƙwaya ta bi ni gida, na ninke shi na sa a aljihu. Matar ta tambaye ni me tsohuwa ta ce. Na ce ta ce ta gode. Da na fito tasha, tattabaru suna nan a bakin ƙofa suna faɗa a kan ɓawon burodi. Ɗaya ta tako har kan takalmina tana dubana, na nuna mata tafin hannuna, babu komai.